Ƙanwata mai ciwon suga tana tashi cin abinci a ɓoye cikin dare, kwaɗayi ne ko wani abu ne daban?

Yaya_Rukayya:
Salam jama'ar gida, dan Allah shawara nake nema. Ina da ƙanwa shekararta 16, tun tana aji biyu a ƙaramar sakandare aka gano tana da ciwon suga irin wanda sai da allura, safe da yamma take yi. Da farko yarinyar nan ba ruwanta, duk abin da aka ce ta bari ta bari, Umma ta ware mata tukunyarta daban, daga acha sai wake sai tuwon alkama, ko lemo baƙi suka kawo sai an ɓoye. To tun bayan ƙaramar sallah na lura suganta na safe kullum a sama yake, yau 280 gobe 300 da wani abu, muka ɗauka zafi ne ya lalata allurar muka sayo sabuwa amma shiru. Rannan ina gyaran ɗaki na ɗaga katifarta sai ga ledojin biskit da na cincin da gwangwanin madara, ashe almajirinmu take aika shago. Da na tsare ta sai ta fashe da kuka, wai wallahi ita ma ba ta san me ke damunta ba, in kowa ya yi barci sai ta tashi ta yi ta ci, burodi guda, sauran tuwon dare da sanyinsa, har cikinta ya ɗaure amma ta kasa tsayawa, in ta gama kuma ta ji ta tsani kanta. Umma ta ce kwaɗayi ne da taurin kai, so take a sa wa kicin kwaɗo. Abba bai sani ba tukuna. Ni dai jikina bai ba ni kwaɗayi ba ne. Akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan?

Abu_Sadiq:
Wa'alaikumussalam, Allah ya ba ta lafiya. Ni gaskiya ina bayan Umma, yaran yanzu in ba a matsa musu ba ba sa ji. Ai lafiyarta ake nema. A sa kwaɗon, a ja wa mai shago kunne, shi ma almajirin a gaya masa duk ranar da ya ƙara karɓar aikenta ya bar gidan. Za ku ga canji.

Maman_Ilham:
Allah sarki yarinya, wlh ta ban tausayi. Allah ya yaye mata.

Zee_Kabuga:
@Abu_Sadiq Malam da girmanka amma dan Allah kar su soma. Ni mai irin ciwon ce, tun ina firamare nake allura yanzu har na gama jami'a, kuma abin da Anti Rukayya ta rubuta kamar labarina take bayarwa. Mu a gidanmu ba kwaɗo kaɗai ba, har jakata ake cajewa in na dawo daga islamiyya, abin da na koya a ciki kawai iya ɓoyo ne da iya ƙarya. In ga 320 a na'ura in rubuta 140 a littafi don kar a yi min faɗa, a kai wa likita littafin ya ga komai lafiya ƙalau ya bar min allura yadda take. Sannan abin da masu maganar kwaɗo ke mantawa, mai allurar insulin suganta na iya faɗuwa ƙarfe biyun dare, ta tashi jiki na rawa gumi na zuba ta tarar kicin a kulle makulli na ƙarƙashin filon Umma, sai ta yi yaya? Wannan ganganci ne da ran mutum.

Abu_Sadiq:
To a ajiye mata sukari a ɗaki saboda faɗuwar, sauran a kulle. Ni fa ban ga yadda za a zuba ido yarinya na cinye burodi guda cikin dare ba a ce wai kar a taɓa ta.

Sista_Hadiza:
Yaya_Rukayya kafin a kai ga kwaɗayi ko ba kwaɗayi ba, wace allura take yi? In safe da yamma ne kuma ruwan fari-fari ne sai an murza kwalbar a tafin hannu, ina zaton Mixtard ce. Ita gauraye ce, kashi 30 mai saurin aiki kashi 70 mai jan lokaci, kuma shi mai jan lokacin in an yi shi wajen magariba tsakar dare ƙarfinsa yake kaiwa matuƙa. Yarinya ta ɗan tsakuri acha ta kwanta, ƙarfe ɗaya ko biyu suga ya yi ƙasa. Duk abin da ya gaza 70 a na'ura faɗuwa ne, yunwarsa kuma ba irin yunwar da muka sani ba ce, ƙwaƙwalwa ce ke neman agaji, mutum zai ci duk abin da hannunsa ya kai gare shi, kuma da yake sai an yi kamar minti 15 kafin abin da aka ci ya fara aiki, kafin nan an yi wa kicin kaca-kaca. Da safe a ga 300.

Akwai kuma ɗaya gefen. In insulin ɗin ya yi mata kaɗan, sugan yana ta yawo a jini yana fita ta fitsari bai shiga inda ake buƙatarsa ba, wannan ma yunwa yake sawa da ƙishirwa. Shekarun balaga jiki yana neman insulin fiye da da saboda sinadaran girma, in har adadin da aka yanka mata tana ƙarama shi take yi to ƙila ya daɗe da yi mata kaɗan. Ku gwada ta kafin ta kwanta, da tsakanin ƙarfe 2 zuwa 3, da asuba, na 'yan kwanaki, ku rubuta gaskiyar abin da kuka gani ku kai wa likitanta. Kar ku ƙara ko ku rage allura da kanku dan Allah.

Yaya_Rukayya:
Sista wlh Mixtard ɗin ce. Kuma adadin ya daɗe ba a taɓa shi ba, rabonmu da ganin likita tun kafin azumi, ga layi ga kuɗin gwaji, in dai allura ba ta ƙare ba sai a yi ta ɗagawa.

Dan_Damagaram:
Ga 'yan uwa na nan Nijar da ke karantawa, 70 ɗin da Sista ta faɗi shi ne 0,70 g/l da lokotoro ke rubuta muna a takarda, 300 kuma 3 g/l ne. Wasu na'urori kuma na nuna 3.9 a madadin 70. Don kar wani ya ga lamba daban ya rikice.

Hajiya_Gwale:
Ni fa 'yan nan, mutum ya tashi cikin dare ya yi ta ci ba ƙoshi kuma ya ce bai san abin da ke sa shi ba, mu a da in mun ji haka cewa muke a duba ko da shafar iska. A yi mata tofi, a dage da azkar ɗin kwanciya, sannan a dafa mata shuwaka da garahuni tana sha, maƙwabciyata da su suganta ya sauka.

Sista_Hadiza:
Hajiya addu'a kam ba a rabuwa da ita, Allah ya sa mu dace. Amma maƙwabciyar taki ina kyautata zaton nau'i na biyu gare ta, na manya, wanda jiki na yin insulin ɗinsa sai dai ba ya aiki yadda ya kamata. Na yarinyar nan kuwa nau'i na ɗaya ne, jikin ne ya daina yi, babu ganyen da zai maye gurbinsa. Kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921 yaron da ya kamu da irin wannan ba ya daɗewa a duniya, alhali ganye na nan a ko'ina. Yaron da aka fara yi wa allurar a Janairun 1922, Leonard Thompson, kusan sa'an ƙanwar Rukayya ne. Tsorona da maganin gargajiya ɗaya ne, ranar da mai magani zai ce a ajiye allura a ga aikinsa.

Hajiya_Gwale:
A'a ni ban ce a ajiye allura ba 'yar nan, haɗawa na ce.

Mubarak_Samaru:
Bayanin Sista ya yi, amma ina so a koma kan maganar yarinyar da bakinta, ta ce ta kasa tsayawa kuma in ta gama ta tsani kanta. Ilimin halayyar ɗan adam nake karanta, wannan abin sananne ne, tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a kundinta a matsayin ciwo mai zaman kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a nata sabon kundin. Ba cin da ka yi a walima ka saki wando ake nufi ba. Mutum ne zai ci abinci mai yawa a ɗan lokaci yana jin ba shi ke iko da kansa ba, da sauri, sau da yawa ba ma yunwa yake ji ba, shi kaɗai a ɓoye saboda kunya, bayan nan baƙin ciki ya rufe shi. In yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata 3 to likitoci na ɗaukarsa ciwo. Kuma masu suga nau'i na ɗaya sun fi faɗawa, wani bincike da aka yi a Kanada aka buga a 2000 kan 'yan mata masu shekara 12 zuwa 19 ya samu kusan 10 cikin 100 na masu ciwon suna da matsalar cin abinci, a sa'o'insu marasa ciwon kuwa 4 cikin 100.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yarinya ce da kullum maganar da ake mata ta abinci ce, me kika ci, nawa kika ci, waye ya ba ki. Abin da aka haramta maka shi zai tsaya maka a rai, wuni guda tana dannewa, dare ya yi ta ce bari in ɗan taɓa biskit ɗaya, daga nan sai zuciya ta ce ai kin riga kin ɓata ƙarasa kawai. Gari ya waye da kunya, ta ƙudurta yau ba za ta ci komai ba, ta ƙi karyawa ta tsakuri na rana, dare ya yi a koma gidan jiya. Kwaɗo ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abu_Sadiq:
Binciken Turawa kenan, su da abinci ya yi musu yawa. Mu nan ana neman abin sawa a baki za a ce cin abinci ciwo ne? Komai yanzu sai a ce damuwa.

dan_kwari_27:
@Abu_Sadiq yallabai ni ba bature bane a kantin kwari nake, kuma namiji ne, nawa nau'i na biyu ne kwaya nake sha metformin. ranar da kasuwa ta baci ko mai kaya ya kirani akan bashi wlh bana iya wuce teburin mai shayi, indomie biyu kwai uku biredi da shayi mai kauri na dora maltina akai, ina ci ina sanin illa nake wa kaina kuma ba yunwa nakeji ba dan naci tuwo a gida. na koma na kwanta inata zagin kaina. ranar da ciniki yayi kyau kuwa ko ta kan mai shayin bana bi. to in ba damuwa ba menene wannan

Maman_Ilham:
Kai wannan gaskiya ne, ni ma ba ni da suga amma ranar da raina ya ɓaci a gidan nan firij ne ke jin jiki.

Ummu_Affan:
Yaya_Rukayya akwai abin da ba a taɓo ba kuma shi ya fi ba ni tsoro. Ki lura ko tana yin allurar da gaske, ki duba yadda kwalbar ke raguwa. 'Yar yayata a makarantar kwana take, da aka gano ciwon ta rame sosai, da ta fara allura jiki ya dawo har ya ɗan ƙaru, ƙawaye suka sa ta gaba wai ta zama buhu. Ashe ta gano in ta tsallake allura tana ramewa ko me ta ci, sai ta dinga ci a ɓoye tana zubar da insulin ɗin a bayi. Kowa na yaba mata wai ta yi kyau. Ranar da aka kira mu tana ta amai tana riƙe ciki, numfashi sama-sama, kafin a isa asibiti ba ta gane kowa. Allah ya yi da sauran kwananta amma mun ga tashin hankali.

Sista_Hadiza:
Ummu_Affan Allah ya saka da alheri da kika kawo wannan. Ramar da ake gani jiki ne ke cin kansa, da babu insulin sai ya koma ƙona kitse, wannan ke tara wani sinadari da ake kira kiton, jini ya koma tsami. Alamominsa su ne ƙishirwa da fitsari ba iyaka, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, bakin na wani ƙamshi kamar na 'ya'yan itace da suka nuna sosai, sai magagi. In an ga haka ba a jiran gari ya waye, asibiti kai tsaye. A cibiyar Joslin da ke Boston a Amurka an bi wasu mata masu nau'i na ɗaya tsawon shekara 11, aka buga sakamakon a 2008, waɗanda ke rage allura da gangan haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau uku. Shi ya sa ƙungiyar masu suga ta Amurka ta ce a fara tambayar yara masu wannan ciwo yadda suke da abinci tun suna shekara 10 zuwa 12, ba sai abu ya ɓaci ba.

Baban_Khalifa:
Ni tawa ta ɗan sha bamban amma ku yi haƙuri. Sista na cewa a gwada sau uku cikin dare, kun san nawa tsinken gwajin Accu-Chek yake yanzu? Tun da aka saki Naira a 2023 insulin da tsinke suka yi tashin gwauron zabo, ɗana shekararsa 9, wani lokacin sai na zaɓa tsakanin gwajin safe da na dare. Ga rashin wuta, allurarmu a cikin ƙaramin tulu muke sawa a leda, tulun a kan jiƙaƙƙen yashi a lungun ɗaki.

Zee_Kabuga:
Baban Khalifa Allah ya hore. Ka tambaya a sashen yara na asibitin koyarwa da ke kusa da kai ko suna cikin shirin Life for a Child, na Ostireliya ne, suna tallafa wa yara da matasa da insulin da tsinke a ƙasashe da dama har da Najeriya. Tulun kuma dabara ce mai kyau, kawai kar ruwa ya shiga kwalbar, kuma wadda aka buɗe kar ta wuce kamar sati huɗu ana amfani da ita.

yar_gombe:
nidai tambayata tuwon alkamar nan da acha da ake dorawa mutane dole, da gaske basa hawar da suga ne? kakata shekara da shekaru alkama takeci har ta tsaneta

Sista_Hadiza:
@yar_gombe suna hawarwa mana, alkama sitaci ce acha ma sitaci ce, malmala uku ta tuwon alkama ta fi malmala ɗaya ta tuwon shinkafa hawar da suga. Yawan shi ne magana, da abin da aka haɗa, ganye irin su zogale da rama, wake, kifi, nama. Zuma da dabino ma da ake cewa ba komai suna hawarwa. Yaro mai nau'i na ɗaya abin da likitocin yara ke so shi ne ya ci abincin gida mai kyau tare da kowa, a san awonsa a daidaita da allura. Tukunyar daban ɗin nan ni ban cika sonta ba, kullum tana tuna wa yaro shi ba kamar kowa ba ne.

Zee_Kabuga:
Wlh Sista kin taɓo inda yake min ciwo. Ranar sallah kowa na zaune a tabarma ana cin masa da miyar taushe, ga alkaki ga dubulan a faranti, ni an miƙo min kwanon wake a gefe, baƙi na tambaya me ya same ta, a yi ƙasa da murya a ce suga ne, su ce wayyo yarinya ƙarama. Daren ranar na ci alkakin da ban san adadinsa ba a bayan ƙofa, ko daɗinsa ban ji ba. Ga maganar aure, a gabanki za a ce kar a bari dangin saurayi su sani, wa zai ɗauki mai allura. Yarinya 'yar 16 tana jin duk wannan kuma ba ta da wanda za ta gaya wa, ni lokacin abinci ne kaɗai abin da ba ya min faɗa. Abin da ya taimake ni wata likita ce da ta kalli littafina ta kalli sakamakon gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na wata uku, ta ga ba su yi kama ba, maimakon faɗa sai ta sallami mamana waje ta ce min lambar nan ba makin jarrabawa ba ce, gaya min yadda darenki yake. Daga baya aka canza min zuwa Lantus, insulin mai jan lokaci, sau ɗaya a rana, da mai saurin aiki a kowane cin abinci, sai na samu sakewa, ina cin abin da kowa ke ci da awo. Ba wai ya tafi gaba ɗaya ba, har yanzu lokacin da hankalina ya tashi yana leƙowa.

Malam_Nura:
Na lura an ce bayan ƙaramar sallah abin ya fara. Ta yi azumi ne?

Yaya_Rukayya:
Ta yi Malam, ta dage wai ƙannenta ma na yi ita ba za ta zauna tana ci da rana kamar yarinya ba. An hana ta amma in an ba ta abinci sai ta kai wa almajirai.

Malam_Nura:
To a zaunar da ita a fahimtar da ita, Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a ayoyin azumi cikin Suratul Baƙara, kuma karɓar rangwamen ba raunin imani ba ne. Wanda likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi kuma ciwon ba mai warkewa ba ne, ciyarwa ce a kansa. Kuma a daina yi wa irin waɗannan yara gori a gida, yawanci gorin ne ke sa su dagewa.

Mubarak_Samaru:
Kuma ku duba tsarin, wata guda tana wuni ba ci, dare ya yi a ci da yawa, ga allura ba a daidaita ba. Ba mamaki jikin da zuciyar suka ɗore a haka bayan sallah.

Sista_Hadiza:
Ga duk mai suga da likita ya yarje wa azumi, ƙa'idar ita ce in ya gaza 70 ko ya haura 300 a karya nan take ko saura minti biyar a sha ruwa, kuma huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Tunda an zo nan bari in ƙara, maganin faɗuwar suga awo gare shi, giram 15, wato kamar ƙwayar sukari 3 ko rabin kofin lemon kwalba ko cokalin zuma babba, a jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a maimaita. Cakulan da biskit mai maiƙo ba sa saurin aiki. A ƙulla mata sukarin a 'yar leda a ajiye gefen gado.

Yaya_Rukayya:
Na gode ƙwarai jama'a, ina ta karantawa. Na kwana ɗakinta mun gwada wajen ƙarfe biyu, wani daren 64 muka gani kuma ita ce ma ta tashe ni tana gumi, na ba ta sukari muka zauna muna jira tana ta roƙona in bar ta ta je kicin, da mintunan suka wuce ta ce yunwar ta lafa. Amma wani daren 190 ne kuma duk da haka ta ce tana jin abin yana taso mata, da na tambaye ta me ya faru ranar sai ta ce a makaranta wata ta ga tana allura ta ce wa 'yan aji ƙwaya take yi. Kwalbar na duba Ummu Affan, tana raguwa daidai alhamdulillah, sai dai ta ce ta taɓa tunanin bari saboda Umma na yawan cewa ta yi ƙiba. Kenan duka biyun ne, na Sista da na Mubarak. Umma ta haƙura da kwaɗon amma tukunyar daban ta ce ba za ta bari ba sai likita ya faɗa da bakinsa. Yanzu abin da ya rage, in gaya wa Abba ko kar in gaya? Ta roƙe ni kar in faɗa.

Abu_Sadiq:
Uba ai dole ya sani, shi ke sayen maganin. A ɓoye masa ranar da abu ya faru a ce me?

Ummu_Affan:
Ya danganta da irin uban. In mai zafi ne zai tara gida ya yi mata faɗa a gaban ƙanne to kin rasa ta kenan, ba za ta ƙara gaya miki komai ba. Ki ce masa suga ya ƙi daidaita ana buƙatar komawa asibiti, wannan ba ƙarya ba ce, sauran likita ya yi masa bayani.

Mubarak_Samaru:
Ni ina ganin a ba ta zaɓi, ita ta faɗa da kanta ko ku faɗa tare, amma maganar tunanin barin allura kam dole likita ya ji ta. Kuma ku nemi ya haɗa ku da masu ba da shawara kan damuwa, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen. Maganin da aka fi samun nasara da shi zama ne na tattaunawa, a gano abin da ke tayar da cin, a tsara abinci sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani don kar a kai dare da yunwa. A duba ta kuma ko akwai ciwon damuwa mai tsanani, yana yawan tafiya tare da suga.

Hajiya_Gwale:
Likitan ƙwaƙwalwa kuma? Budurwa? Ku rufa wa yarinya asiri, gobe a ji a unguwa a ce an kai ta Dawanau, ga suga ga wannan, wa zai zo?

Zee_Kabuga:
Hajiya irin wannan rufin asirin ne ya sa na yi shekaru ina cin alkaki a bayan ƙofa. Ba kwantar da ita za a yi ba, hira ce a ofis kamar kowane ganin likita.

dan_kwari_27:
nima in akwai na maza ku fada min ranar da ake gani, amma fa banda asabar kasuwa

Abu_Sadiq:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakana a kan mai shago da almajirin, ko ba a kulle kicin ba a toshe wannan hanyar. Kuma Abba ya sani.

Baban_Khalifa:
Sista tunda kina nan, ɗan shekara 9 ma ana ba shi ɗan abin taɓawa kafin barci in Mixtard yake yi, ko na manya ne kawai? Nawa yakan tashi da kuka cikin dare wani lokacin, uwarsa na cewa mafarki ne.